Yinin da Na Ƙwato Rikodar Malam Daga Hannun 'Yan Gwangwan

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, akwai yini guda da zai sha wuya kafin ya goge shi: yinin da 'ya'yana suka sayar wa 'yan gwangwan rikodar ubansu, shi kuwa yana Makka yana ɗawafi.

Ba irin rikodar nan da ake ratayawa a kafaɗa nake nufi ba. Wannan hawa biyu ce, uwar a ƙasa, gidan kaset a sama, fuskarsu ta ƙarfe mai ruwan azurfa, sai sifiku biyu na katako da kowace ta kai mini ƙugu. Uwar kaɗai sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. Abin ƙara murya kuwa, in ka murɗa shi, a hankali yake tafiya kamar an zuba mashi man shanu. Malam, maigidana, ya sayo ta tun yana tuƙin babbar mota zuwa Ikko, kafin a haifi babban ɗanmu. In aka sa kiɗa, a ƙirji kake jin ganga kafin kunne. In tafsiri ne, har jan numfashin malamin kana ji, sai ka rantse yana zaune kan buzu a gabanka.

Ƙarar injin mota ta cinye wa Malam kunne. In ka ba shi waya sai ya ce sauro ke kuka a ciki. Mu ma sai mun ɗaga murya kamar masu faɗa. Rikodar nan kaɗai, saboda kaurin muryarta, take shiga kunnensa ba wahala. Ita ce abokiyar hirarsa. In babu ita, to an rufe shi a ɗaki ne ba taga.

Kun san al'adarmu, alhaji ba ya dawowa ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Sai an yi fenti, an sauya labule, an shimfiɗa sabon kafet. Da aka ce jirginsu ya kusa tasowa, yara suka haɗa kai suka fara gyara. Ni ma na ji daɗi, har da sa albarka. Lokacin ina zuwa makarantar manya ta mata a nan Ƙofar Marusa, da furfurata ina koyon haɗa baƙi, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna. Ranar na tafi aji bayan azahar na bar su suna ta aiki.

Da na dawo na leƙa ɗakin. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kusurwar rikoda wayam, sai wani baƙin abu siriri a tsaye yana ƙyafta shuɗiyar wuta.

"Ina rikodar?"

Babban ɗana ya washe baki. "Inna, ai mun huta da wannan tarkacen. Dubi wanga, ko kaset ba ya so, daga waya ake tura mashi."

Na ɗaga abin da hannu ɗaya, ba nauyi, kamar busasshen ƙoƙo. Na ce ya kunna. Ihu dai akwai, amma muryar siririya, kamar ana kaɗa gwangwanin madara.

"Ubanka zai ji wannan?"

"Ai yana da ƙara, Inna."

"Ƙara na tambaye ka? Ina kuka kai ta?"

Sai ya fara sosa ƙeya. Wani mai kura ne ya zo wucewa yana kiran gwangwan, suka ɗora mashi. Ban ko cire hijabi ba na ce ya wuce gaba. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa, haka na tasa shi har bakin titi muka tari napep.

Sai da muka yi ta tambaya kafin aka nuna mana wani fili can wajen Ƙofar Guga inda masu kura ke sauke kaya. Tsofaffin fankoki, ƙafafun keke, tukwanen da suka ɓule, tari guda. Ina shiga na hango sifikun. Wani yana zaune kan ɗaya yana shan rake. Uwar kuma tana ƙasa, an riga an kwance mata murfi, wani ya ɗaga guduma.

"Kai mai guduma! In ta sauka kan abin nan, ni da kai sai gaban alƙali."

Mai wurin ya taso, wani dattijo mai jan gemu. "Hajiya, lafiya?"

"Ban je ba tukuna, kada ka ɗora mini. Wanda ya je shi ne mai kayan nan, yana can yanzu haka."

"To Inna, ciniki ya faɗa. Mun auna, mun biya." Ya nuna cikin uwar. "Dubi jan ƙarfen da ke nan. Na manta rabon da in ga irinshi. Na yanzu duk roba ce."

"Ashe kai ma ka san mai kyau ce."

"Mai nauyi dai. Mu nauyi muke saye."

Sai na gyara zanena na zauna daram a kan ɗaya sifikar. Na ce to ya kawo sikeli ya auna har da ni, don inda ta tafi nan zan tafi. Ma'aikatansa suka kwashe da dariya, mai shan rake ya ce, "Oga, wannan ko ka saya asara ce, ba ta narkewa." Na ce ya tashi daga kan kayan mutane kafin in narka shi. Ya tashi.

Na juyo kan dattijon. Na ce wanda ya sayar maka ba nashi ba ne, ga shi nan tsaye yana kallon ƙasa. Mai shi kuwa baƙon Allah ne, yana gaban Ka'aba, inda addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. In yana so in buga mashi waya in ce ga wanda ya fasa mashi rikoda, bismilla. Ban dai gaya mashi cewa Malam ba ya jin waya ba.

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Mu yi adalci. In tana da rai, ba gwangwan ba ce, yaronki ya mayar mini da abina ku ɗauka. In matacciya ce, tamu ce."

Na amsa da ƙarfi na ce na yarda. Amma an jefa ta a kura, an yi ta gwara ta a ramukan titi, wa ya san abin da ya tsinke? Aka jawo waya daga janareton wani mai aski da ke gefe. Ɗana ya durƙusa yana haɗa sifikun da gidan kaset. Ya danna. Shiru. Mai guduma har ya fara murmushi.

Sai fuskarta ta kawo haske, ta yi wani ɗan gurnani. Ashe akwai kaset a ciki, wanda Malam ya bari. Tsohuwar gangar noma ce. Bugun farko na ji shi a tafin ƙafata. Kwanon rufin rumfar ya ɗauki rawa. Masu buga ƙarfe duk suka tsaya, mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Ɗana ya kai hannu zai kashe, dattijon ya riƙe shi.

"Bar ta," ya ce. "Rabona da jin ganga haka tun muna gayya a ƙauyenmu."

Sai da kiɗan ya ƙare. Shi da kansa ya ɗaure murfin, ya sa aka shimfiɗa buhuna a kura don kada ta ƙara buguwa, ya ce in gaishe da Alhaji in ce ya sa shi a addu'a.

Muka goge ta tas muka mayar kusurwarta, muka yi shawara kada kowa ya faɗa. Alhaji ya dawo lafiya, gida ya cika, ana ta rabon dabino da zamzam. Da baƙi suka ragu ya shiga ɗaki, ya yaba fenti, ya zauna ya danna rikodarsa. Ya karkata kai yana saurare. Can ya ce, "Wa ya sauya wa sifikun nan wuri? Mai kaurin muryar ai ta wajen taga ce."

Mutumin da sai an yi mashi ihu! Mu da kunnuwanmu lafiya ba mu taɓa sanin muryarsu ta bambanta ba. Na yi dariya har da hawaye, na kwashe labarin duka na gaya mashi da ƙarfi, maƙwabta ma suka ji. Ya dubi ɗansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Tashi ka mayar da su."

Har yau tana nan tana aiki. Abin da na koya kuwa, in za ka yi wa mutum alheri da kayansa, fara tambayarsa. Abin da kake gani tarkace a ɗakin wani, ba ka san mi yake riƙe mashi ba. Yarana ba mugunta suka yi ba, so ne. Amma son da bai tsaya ya yi tambaya ba, ya kusa mayar da ubansu kurma a cikin gidansa.