Ɗorin da Na Yi wa Salwar Inna

Shekaru sun shige, na manta abubuwa da dama, har da waɗanda na rubuta da ajami a gefen littattafaina don kada su ɓace mini. Amma kwana bakwai ɗin da na yi ina jinyar salwar mahaifiyata ba su taɓa fita daga raina ba, ba na kuma jin za su fita har in koma ga Allah.

A lokacin muna zaune a Jabo, Inna ta tsufa, ganinta ya yi rauni. Ƙanwata ce ta sayo mata salwar a kasuwar Tambuwal don ta ɗebe mata kewa. 'Yar tsuntsuwa ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma ta saba da Inna har tana cin gero a hannunta, in ta zauna lazimi kuma ta zo ta lafe a gefen zanenta. Da ƙanwar tawa ta haihu a Fakku, aka zo da babur ɗaukar Inna za ta yi kwana goma. Tana shirin hawa ta ce mini, "Ga amana nan na bar maka."

Kwana biyu da tafiyarta na fito da buta zan yi alwalar azahar, ban dubi ƙasa ba, na taka salwar. Na ɗago ta, ƙafar hagu tana reto.

Na rufe ta da hulata na nufi gidan wani dattijo maɗori da ke unguwarmu. Da ya leƙa hular sai ya fashe da dariya. "Malam, ƙafar mutane nika ɗorawa, ba ta abin miya ba!" Da ya ga ban yi dariya ba ya ce in shafa man shanu, in sa tsinken kara biyu, in ɗaure da kyau. "Kuma ka sani, ɗori ba a buɗe shi sai ya kwana bakwai."

Na dawo na ɗaure da zaren ɗinki, na ja shi tamau kamar yadda na ga ana yi wa mutane. Ban yi tunanin cewa ƙafar mutum tana da tsokar da za ta ɗauki ɗauri ba, ita kuwa tata fata ce kawai bisa ƙashi.

A kwana na uku yatsunta suka kumbura. Maiɗakina ta ce, "Malam, ɗorin ga ya yi tsauri, sassauta mata." Na ce, "Ke kin fi maɗori sani?" Na yi addu'a na tofa, na mayar da ita cikin kwando. A kwana na biyar ta daina cin gero, wani ɗan wari ya fara tashi. Na sa reza na yanke zaren, na tarar ya nutse cikin fata, ƙafar ta yi baƙi ƙirin, ta yi sanyi.

"Yanka ta ka hutasshe ta," in ji maiɗakina. Na ɗauko wuƙa na fuskanci alƙibla, sai na kasa. Na ce a jira Inna. Yau da na tsufa zan faɗi gaskiya: ba tausayi ne ya hana ni ba, tsoro ne na kada a ce ni na yanka. Na bar ta kwana biyu tana buɗe baki, ina ɗiga mata ruwa da auduga yana zubowa. Ranar da ɗorin zai cika kwana bakwai na dawo daga sallar asuba na tarar ta sandare.

Washegari Inna ta dawo. Ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa tana shafa ƙasa da hannu tana kiranta. Na zauna na gaya mata komai. Sai ta ce, "Kwananta ya ƙare. Amma kwana nawa ta yi da ciwon?" Na ce bakwai. Ta ce, "Bakwai," ta nemi a shimfiɗa mata tabarma. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Na sayo mata wata, ta ce in mayar. Da damina ta zagayo ita ma Allah Ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne, wanda ba ya iya cewa "ya yi mini tsauri", jikinsa ne bakinsa. In ka riƙe ƙa'idar da ka ji ka ƙi duban abin da ke gabanka, kana iya azabtar da amana alhali kana ganin jinya kake yi. Allah Ya yafe mini.