Ƙarambaun da Mama ta ce na yi

Ko zan tsufa har in manta hanyar gidanmu, ba na jin zan manta da ƙarambaun da ya shigo danginmu a shekarar da ya kamata in gama jami'a. Da gangan na ce "ya kamata", za ku ji dalili.

A lokacin ina ajin ƙarshe, ina haya a Bomo kusa da Samaru, ni da wata abokiyar karatuna, a irin ɗakin nan da in kika miƙe ƙafa sai kin taɓa risho. Jarrabawar ƙarshe saura 'yan makonni. Ni ce auta a cikinmu bakwai, kuma ni ce ta farko da ta taka jami'a, don haka a gidanmu an riga an gama mini karatun a baki. Mama har ta zaɓi atamfar da matan zumunta na cocinmu za su ɗinka ranar bikin yaye mu.

Ana haka sai yayata, wadda nake bi, ta haifi namiji a gidan aurenta da ke Dogarawa, cikin Sabon Gari. Ba a kai ga suna ba, 'yarta ta fari mai shekara huɗu ta tashi da zazzaɓi, washegari ƙuraje masu ruwa suka feso mata a ciki da baya. Nas ɗin da ta duba ta ta ce ƙarambau ne. Ta ce ga yaro mai ƙwari yawanci yana zuwa ya wuce, amma jariri sabon haihuwa da mai ciki ba a wasa da su, a raba yarinyar da ƙaninta har sai ƙurajen sun bushe.

Ni barka ce ta kai ni gidan, da 'yar ledar sabulu da omo. Na tarar da manya sun cika falo ana shawarar inda za a kai yarinya. Mama ba za ta iya ba, ita ke yi wa yayata wankan jego. Sauran yayyena, wannan na da goyo, wancan matarsa na da tsohon ciki, wata kuma tana nesa. Ina tsaye bakin ƙofa ina gyaɗa kai kamar mai taya su tunani, sai na ga duk idanu sun dawo kaina.

Na ce ina da jarrabawa. Aka ce ai karatu a zaune ake yinsa, yarinya kuma a kwance take, ina matsalar? Na ce ni fa ban tuna na taɓa yin ƙarambau ba, kuma na ji an ce wanda bai yi ba shi yake ɗauka. Nan Mama ta ajiye kofin kununta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke za ki tuna, ko ni da na haife ki? Shekarar da iska ta yaye rufin coci kuka yi, ku duka. A tabarma ɗaya na jera ku. Ke kin fi kowa susa, sai da na sa miki safar babanku a hannu."

Wa zai yi musu da safar Baba? Da cewa kawai ta yi na yi, da na ƙara tambaya. Amma ga shekara, ga tabarma, ga safa. Wani yayana ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maijego kuwa tana cikin ɗaki tana kukan za a tafi mata da 'ya, ba wanda ya tambaye ta komai.

Mijin yayata ya aro mota ya kai mu Bomo. Abokiyar ɗakina tana ganin fuskar yarinyar ta tattara littattafanta da bokiti, ta ce za ta koma wurin ƙawarta a Samaru sai an kwana biyu. Na yi mata dariya har da riƙe ciki, na kira ta matsoraciya. Na ce mata mu da muka yi tun muna yara, ko wanka muka yi da ƙarambau ba abin da zai same mu.

Kusan wankan da shi na yi kuwa. Da safe in dafa ganyen darbejiya, in bari ya huce, in yi mata wanka a hankali don kada ƙurajen su fashe. In bi su ɗaya bayan ɗaya da kalamin, farin maganin nan na shafawa, har ta koma kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Na yanke mata farce, na sa mata safata a hannu, tunda ai ni shaida ce a kan amfanin safa. Ita kuwa ta gano dabarar goga bayanta a jikin bango. Ƙurajen sun shiga har cikin baki, ba ta iya cin komai sai koko da shayi mai sanyi, shi ma sai a kofina, sai kuma na fara kurɓa ta gani.

Abin da ya fi ƙaiƙayin damunta shi ne gida. Wata rana da yamma ina shafa mata magani, ta ɗago ta dube ni.

"Anti, don an samu sabon yaro aka ba ki ni?"

Zuciyata ta karye. Na rungume ta, na manna kumatuna da nata, na ce ba a ba da ita ba, aro na yi, kuma ita ce ke tsare ƙaninta da ta yarda ta zo nan. Daga ranar a ƙirjina take barci. Ina riƙe da ita da hannu ɗaya, takardun lakca a ɗaya hannun, ina karanta mata su da ƙarfi har ta yi barci. Ban taɓa ganin maganin barci irin darussanmu ba, a aji ma haka suke yi mana. Ranar suna aka aiko mana da shinkafa da nama, ɗan aiken ya ajiye a bakin ƙofa ya ja baya, ni kuwa na fito ina ta yi masa tsiya.

Ƙuraje suka bushe, na mayar da yarinya. Jariri lafiya lau, ko ɗigo bai fito masa ba. Aka yi ta sa mini albarka, Mama ta ce da ma ta san ba a banza ta haifi auta ba. Na koma Bomo ina jin kaina, na shiga jarrabawa, na rubuta na farko-farkon da daɗi.

Saura takarda biyu na tashi da ciwon kai da ciwon baya. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne da gajiyar karatu. Washegari ina wanka na ji wani ɗan ƙurji a wuyana, na duba madubi, na ga yana da ruwa a ciki. Na san shi sarai, kwanaki na yi ina bin 'yan'uwansa da auduga. Duk da haka na ce zafi ne, don mutum ba ya yin ƙarambau sau biyu, kowa ya san wannan.

A asibitin makaranta likita ya tambaye ni ko na taɓa yi. Na ce ƙwarai, Mamata ta ce na yi. Ya ɗaga kai daga rubutunsa ya ce, "To ki gaya wa Mama yanzu kam kin yi." Ya ce na manya ya fi na yara tsanani, ya rubuta mini magani, ya kuma ce ba zan shiga ɗakin jarrabawa ba. Na roƙe shi har da hawaye, na ce zan lulluɓe da gyale in zauna can baya. Ya tambaye ni ko a ajinmu ba masu ciki. Akwai su, ɗaya ma a gabana take zama. Kafin rana ta faɗi gardamar ta kashe kanta, don ko tsayuwa ba na iya yi. Ƙurajen sun fito mini a fatar kai, cikin kunne, cikin maƙogwaro, da wuraren da ba zan rubuta a nan ba.

Mama ta iso da kayanta a ƙulle cikin zani. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo, sannan ta yanke hukunci cewa wannan ba ƙarambau ba ne, aikin maƙiya ne da ba sa so in gama. Don ta tabbatar mini, ta sa na kira yayata a waya, na buɗe muryar wayar kowa na ji, ta ce mata ta gaya mini shekarar rufin coci.

"Mama, ai ni kika sa wa safar Baba," in ji yayata. "Mu shida ne a tabarmar. Lokacin kina da cikin auta."

Mama ta dubi yatsunta tana motsa baki, ta fara daga babban yayanmu tana saukowa. Da ta zo ƙarshe ta gyara ɗaurin kallabinta.

"To, ai tana wurin," ta ce.

Na so in yi dariya, maƙogwarona bai bari ba. Daga baya nas ta gaya wa yayata cewa tunda ta taɓa yi, jaririnta ya samu ɗan kariya daga jikinta, ko da yake raba su da aka yi daidai ne. Wato a duk zuriyarmu, babba guda ce tak ba ta da garkuwa ko kaɗan, kuma ita aka zauna aka yi shawara aka zaɓa.

Makaranta ta karɓi bayanin likita, ba a rubuta mini faɗuwa ba. Amma takardun nan biyu sai shekara ta zagayo ake sake yinsu. Na yi wa Mama bayani, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da dafa darbejiya. Na lura maganar ba ta shige ta ba. A ganinta jarrabawa kamar kasuwa ce, in ba ki ci ta yau ba kya ci ta jibi.

Sai ranar da 'yan ajinmu suka rubuta ta ƙarshe. Al'adar ɗalibai ce a ranar su sa farar riga, kowa ya yi wa kowa rubutu a jiki, su hau babura suna ihu da hon. Da rana tsaka suka shigo Bomo, muna jin su tun daga nesa. Ni ma fara fat nake ranar, sai dai tawa ta kalamin ce. Mama tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta leƙa ta ga abokiyar ɗakina a bayan babur, matsoraciyar nan, riga duk rubutu, tana ɗago mana hannu daga inda ba za ta ɗauki komai ba. Mama ta tambaye ni bikin me ake. Na ce sun gama ne. Ta ce, ke fa? Na ce sai baɗi.

Ta ajiye tiren. Ta shigo ta zauna a bakin katifa, ta ɗauki audugar ta ci gaba da shafa mini magani a inda ta riga ta shafa. Mamata mace ce da ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, ban taɓa jin ta ba ɗanta haƙuri ba, in ta yi maka laifi sai dai ta ƙara maka nama a miya. Amma ranar sai ta buɗe baki ta faɗa.

"Auta, na ci miki shekara," ta ce. "Ki yafe mini."

Duk ciwon nan ban yi kuka irin na ranar ba, kuma ba don shekarar ba ne. Na yi fushi da ita kwanaki, ina jiran wannan kalmar, da ta zo kuma sai na ji da ma ba ta faɗa ba.

Na gama a shekarar da ta biyo, tare da ƙannen ajinmu. Abin da na koya shi ne, wanda ya fi kowa sonki zai iya yin kuskure a kanki da zuciya ɗaya, ya kawo shekara da shaida, ba tare da ya yi ƙarya ba. In maganar ciwo ce mai yaɗuwa, a tambayi mutum biyu, in ana shakka a ɗauka ba a yi ba. Na kuma koyi rage baki a kan tsofaffi. Yanzu 'ya'yana biyu ne kacal, amma kwanan baya a asibiti aka tambaye ni wanne ne a cikinsu ya taɓa yin ƙarambau. Na buɗe baki da cikakken tabbaci zan ba da amsa, har da shekarar da aka yi, sai na rufe shi. Na ce su ɗan jira in kira babansu.