Na Raba Wayar Dish, Baba Ya Zaci Makanta Ce

Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. A lokacin da abin ya faru ni ɗan sarin albasa ne a Bodinga, sabon aure, ga ƙwallo ta shiga jinina. Ina kuma da wani hali da nake ɗauka wayo ne: in aka ce mini ga mai kyau ga mai araha, hannuna kan mai arahar yake sauka. Gidanmu na gado ne, ni da iyalina muna sashen baya, mahaifina yana ɗakinsa kusa da zaure. Malamin allo ne, tsufa ya kama shi, ƙafa ta hana shi zuwa ko'ina sai masallacin ƙofar gida.

Yayana da ke aiki a Sakkwato ne ya kafa masa dish da sola da 'yar talabijin, saboda tasha ɗaya tak, wadda ke nuna Ka'aba dare da rana. Baba bai taɓa zuwa Makka ba. Bayan Magariba sai ya zauna a buzunsa, ya kashe sautin, ya riƙa nasa karatun yana kallon masu ɗawafi. Ya taɓa gaya mini cewa da rubutun da ke fitowa a ƙasan hoton yake gwada ganinsa, domin littattafansa duk ya haddace su, in ya buɗe ba ya rabewa ko ido ne ke karantawa ko zuciya. Na yi dariya, na manta da zancen.

Da na sayi tawa talabijin da dikoda, sai na ga asara ce in kafa dish na biyu alhali ga ɗaya a kan soro. Wani abokina ya ce akwai ɗan ƙarfe da ake kira sifilita, waya ɗaya ta shiga biyu su fita. Mai shagon kayan lantarki ya nuna mini iri biyu, ɗaya da nauyi a hannu, ɗaya shafal kamar murfin gwangwani. Ya fara yi mini bayani na katse shi, na ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Na ɗauki shafal ɗin, mai baki huɗu ma, wai don in ji na ci riba. Da hantsi, Baba yana zaure da ɗalibansa, na hau katanga na yanke wayarsa, na haɗa tawa, na naɗe da leda. Ban gaya wa kowa ba don gudun faɗan yayana.

Tawa tana nunawa, ko da yake hoton yakan daskare, in ɗora wa hadari laifi. Da safe in na shiga gaishe da Baba, tawa a kashe, tasa tana nunawa tangaran. Da yamma kuwa na daina shiga hira, ƙwallo ta cinye lokacin, kuma yau in na tuna wannan ya fi yanke wayar yi mini ciwo. Baba ya rage magana, ya yawaita sa kwalli, har ya kira wani tsohon ɗalibinsa daga Lambara ya ba shi rabin littattafansa. Duk na gani, na ce tsufa ne.

Wata yamma ina tsakiyar kallo Inna, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Ta ce Baba ya hana ta faɗa, amma ta kasa haɗiyewa. Wai dundumi ya kama shi: da rana yana gani, rana na faɗuwa sai Ka'aba ta narke masa, masu ɗawafi su cakuɗe, rubutu ya kakkarye. Ita ba ta zama ɗakin da yamma, ba ta da abin cewa sai addu'a. Ta ce ya riga ya yi magana da wani mai aikin ido na gargajiya, irin masu sa tsinke su ture yanar ido, jibi ranar kasuwa zai zo gida. Ni kuwa na san wani tsoho a Danchadi da aka yi wa wannan aikin, bai sake ganin hasken rana ba.

Na wuce ɗakin Baba kai tsaye, ko talabijin ɗina ban koma na kashe ba. Na same shi ya matso daf da tasa yana murza ido. Hoton ya farfashe gida-gida, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa.

Ya nuna da yatsa ya ce, "Kai kana ganin rubutun ga?"

Na ce, "Baba, ni ma ba ni ganinai."

Nan take na tuna da sifilita, da tawa talabijin da na bari a kunne. Na ruga na kashe tawa, kafin in dawo Ka'aba ta fito fes. Ya karanta layin daga farko har ƙarshe da ƙarfi. Nan na durƙusa na faɗa masa duk abin da na yi. Na jira faɗa, sai na ga yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ashe ba idona na ba. Da ka shigo hira ko sau guda, da mun gano tun tuni."

Wannan maganar ta fi mini bulala zafi, amma wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Washegari na aika aka ba mai tsinke haƙuri, na kai Baba asibiti a Sakkwato. Likita ya ce idon lafiya lau gwargwadon shekarunsa, tabarau kawai yake bukata.

Daga nan na kira mai haɗa dish. Ya kwance ledata, tsatsa ta riga ta ci ƙarfen. Ya ce wanda na saya na eriya ne, ba ya iya ɗaukar saƙon dish, kuma kowane ƙarin baki rage ƙarfin hoton yake yi, ko ba a sa masa waya ba. Dikoda biyu kuma in suna kan tashoshin da ba su jitu ba, ja-in-ja suke yi, ɗaya ta kayar da ɗaya. Ya ce in dole sai an raba, a duba wanda aka rubuta 5 zuwa 2400 a jikinsa, mai barin wuta ta ratsa, mai nauyi, bayansa a liƙe ruf, bakinsa daidai yawan ɗakunan, a kuma ɓoye shi daga ruwa. Mu dai ya sa mana kan dish mai baki biyu, kowa da wayarsa. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Don haka 'yan'uwa, in mai shago yana bayani ku bari ya kai aya, kuma kada ku taɓa kayan tsoho a ɓoye. Iyayenmu ba sa cewa abu ya lalace, jikinsu suke fara zargi, su yi shiru don kada su ɗora mana nauyi. Ɗalibin nan na Lambara ya dawo da littattafan da kansa. Ni kuwa yanzu ko wasan ƙarshe ake bugawa, sai na zauna a gefen buzun Baba ya karanta mini layi ɗaya tukuna.