Ɗigon da ke fuskar gargare

A Asabar ɗin farko ta hutun da na gama aji huɗu, ina tsakar gida ina carafke ni kaɗai, Baba ya shigo gidanmu na Ƙofar Guga rungume da wani ƙarfe mai faɗin faifai, naɗe cikin buhun siminti. Bakanike ne, kuma bai taɓa kawo aiki gida ba. Ya ɗauki tiren da Inna ke jera tuwo a kai, ya zauna gindin bedi, ya ce in bar duwatsun nan in zo. Na ji daɗi, don ranar ni ke da kai niƙa.

Famfon man giya ne na mota mai canza giya da kanta, ta wani Alhaji a GRA. Shi ke tura jan man nan mai kama da zoɓo, in ya gaza sai mota ta yi ta kuka ba ta motsawa. Baba ya kwance notocin da sifana, ya jera su a tire yadda suka fito, ya ɗaga murfin. A ciki akwai gargare biyu masu haƙora, ƙarami kwance cikin babba. Ya wanke su da fetur, ya bi su da farce yana neman inda suka ci. Sai ya ɗaga ƙaramin, ya kai shi dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya juya wajen rana.

"Ke ɗiyata, ina ɗan ɗigon yake?" Ɗigon shi ke nuna fuskar da za ta kalli sama, in aka kifa ta famfon ya tashi aiki. Ga shi nan ɓaro-ɓaro kamar ƙwayar riɗi, Baba kuwa wani gefen yake kallo. Na kama yatsansa na ɗora a kai. Inna ta tsayar da daka ta ce, "Malam, tun yaushe?" Ya ce, "Tun bara. Maganar ga ta tsaya cikin gidan ga." Ko a lokacin na gane dalili, kuma na ji tsoro. In aka ji a gareji idonsa ya yi yana, ba mai sake miƙa masa makullin mota.

Motar ta tashi lafiya. Daga nan duk ƙaramin aiki gida yake zuwa, ni in duba, shi ya ɗaura, Inna na mitar tuwonta na warin fetur. Haka muka yi ta yi har ya ajiye sifana don kansa.

Yanzu in na kai motata gareji, ba mai buɗe famfo. Na'ura ake jonawa, a ce a sauke giyar gaba ɗaya a sa wata. Tsofaffin wurin in sun gane ni sai su hau yi wa Baba addu'a, suna cewa ba su taɓa ganin mai kaifin ido irinsa ba. Ni dai amin kawai nake cewa.