Ranar da Na Zama Gwanin Wiski

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka naɗa ni gwanin ɗanɗana wiski a birnin Lyon, ni da ko ɗigonta bai taɓa hawa harshena ba. Yaran da na bari a kamfani suna yawan tambayata yadda aka yi mai tabon salla a goshi irina ya shugabanci sashen abin sha. To ga yadda aka yi.

A shekarar 1984 ina aiki a wani kamfanin fitar da kaya a Aubervilliers, gefen Paris. Muƙamina a takarda wakilin ciniki na Afirka, amma a aikace ni ne tafinta, ni ne mai tarbar baƙi a filin jirgi, ni ne kuma mai ɗaukar musu jaka. Muna aika wa otal-otal na ƙasashenmu zannuwan gado, faranti, tumatirin gwangwani da makamantansu. Maigidana, Mushe Garnier, mutumin kirki ne matuƙar ciniki na tafiya. A La Courneuve kuwa, inda nake zaune, muna da wani ɗaki a ƙarƙashin bene da muke salla, kuma ni ke jan jam'i duk ranar da aiki ya riƙe liman. Ba albashi, ba rawani, amma a duk abin da na samu a Faransa babu wanda nake ji da shi kamar wannan. Har dattawan da suka haife ni Malam Mamman suke ce mini.

Wajen ƙarshen sanyi wani babban otal na gida ya turo mutum biyu su zaɓi wiskin da za a riƙa sayar wa Turawan haƙar ma'adinai da na ƙungiyoyin agaji. Ɗaya shi ne direktan otal ɗin, matashi mai kwat da laktaye. Ɗayan Alhaji Bukari, ɗan kasuwar da zai zuba kuɗin, dattijo mai carbi har gwiwa. Abin da Mushe Garnier bai sani ba, ko ya sani ma ba zai gane nauyinsa ba, shi ne direktan nan 'yar Alhaji yake aure. A jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon direkta ko ruwa bai sha ba, saboda surukinsa na zaune a gabansa. Na sayo masa burodi, ya karɓa ya cusa a aljihu.

Dillaliyar da za mu saya a hannunta a Lyon, Madam Fournier, ta sauko da mu, har da Mushe Garnier, wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin shagonta. Ga yadda ake aikin, don wanda bai sani ba. Ana jera kofuna biyar, kowane da lamba, ba a nuna kwalba don kada suna ya ruɗi mutum. Mai ɗanɗano zai ɗaga kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓi kaɗan ya juya a baki, sannan ya tofar a wani bokitin ƙarfe don kada ya bugu kafin ya kai kofi na ƙarshe. A ƙarƙashin kowane kofi akwai kati a kife mai ɗauke da farashi. Sai an gama ake buɗewa, a ga wacce ta cancanci kuɗinta.

Madam ta gama bayani, na fassara, ta miƙa wa Alhaji kofin farko.

"A'uzu billahi," in ji Alhaji, ya ja kujerarsa baya. "Gaya mata ni kuɗi kawai na kawo. Ga mai otal nan."

Direkta ya sunkuyar da kai ya ce shi gyambon ciki gare shi, likita ya hana shi ko lemo mai gas.

Na ga wuyan Mushe Garnier ya yi ja. Wannan kwangila ita ce rabin cinikinsa na shekara, ga masu saye sun ƙi taɓa kaya. Ya matso kunnena ya ce, "Mamman, yi wani abu, in ba haka ba ni da kai duk mu nemi wani aiki." Sai dabara ta zo mini, na ce wa Madam mutanenmu ba sa yanke shawara a gaban mai kaya, a ba mu wuri mu tattauna. Ita da maigida suka hau sama.

Ƙofa na rufuwa Alhaji ya dubi surukinsa ya ce, "Direkta, hau ka buga waya masaukinmu na Paris, ka ji ko saƙona ya iso."

"To, Baba."

Ƙarar takalminsa ba ta gama ɓacewa ba Alhaji ya rataya carbi a wuya, ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗauki kofin farko. Yadda ya juya shi a gaban fitila ko Madam ba ta kai shi iyawa ba. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Wannan ɗanya ce, yakushin maƙogwaro take yi." Ta biyu ya ce ba laifi, amma ba ta da nauyi. Da ya zo ta huɗu sai ya lumshe ido. "Wannan ita ce. Ƙanshin hayaƙi gare ta, kamar naman da aka gasa da itace mai kyau. Ta daɗe a ganga."

Na tura masa bokitin, ya harare ni. "Kayan da mutane suka sayo da kuɗinsu zan zubar? Ai almubazzaranci ne."

"Alhaji, a ina aka san duk wannan?"

"A bakin mutane nake ji," in ji shi, ya jefa kanumfari a baki. "In sun dawo, ka ce ta huɗu. Ka faɗa a matsayin ra'ayinka, ka ji ko?"

Direkta na dawowa Alhaji ya ce zai hau ya kama ruwa. Shi ma direkta bai ɓata lokaci ba. "Tsoho ya hau?" Na ce ya hau. Ya sassauta laktaye ya bi kofunan ɗaya bayan ɗaya, gyambon ciki ya warke nan take. Shi har katunan ya leƙa. "Ta biyar ɗin nan launi suka zuba mata don ta yi kamar tsohuwa, kar a saya ko kyauta. Ta huɗu ta fi duka daɗi, amma baƙinmu da ƙanƙara da soda suke sha, ba su mai tsada asara ce. Ta biyu tana da santsi, kuɗinta rabi. Ka ce ta biyu, Malam, don girman Allah. Kuma ni ba ka gan ni ba." Ya fasa goro ya cika baki.

Da kowa ya dawo, na tashi tsaye na zuba abin da aka ɗora mini da Faransanci, har da hayaƙin, har da santsin, har da launin da aka ƙara wa ta biyar. Madam ta buɗe baki. Ta dubi kofuna ta ga sun yi ƙasa sosai, ta leƙa bokiti ta ga ko jiƙewa bai yi ba, ta dube ni ina tsaye garau. Ta ce shekara da shekaru tana wannan sana'a ba ta taɓa ganin harshe da kai irin nawa ba. Mushe Garnier ya riƙa dukan kafaɗata kamar dokin da ya ci tsere.

Saura zaɓi. Alhaji ya ce, "Ni dai ban san komai a nan ba, amma kamar na ji Malam Mamman ya fi yabon ta huɗu."

Direkta, idonsa a ƙasa, ya ce, "Haka ne, Baba. Sai dai kamar ya ce ta biyu ta fi dacewa da kuɗinta."

Haka suka yi ta ja-in-ja cikin ladabi a kan abin da nake nufi, ina tsaye a gefe ba wanda ya tambaye ni. A ƙarshe aka sayi ta biyu da yawa, aka ƙara 'yan katan na ta huɗu don manyan baƙi. Daga baya na ji waɗannan katan ba su taɓa ganin ƙofar otal ba. Madam ta ba ni kyautar kwalba guda ta huɗun. Na so in ƙi, Alhaji ya ce in karɓa, kar in kunyata mace.

La'asar ta same mu a La Guillotière, unguwar baƙi ta Lyon, a shagon Malam Isa, mutumin Tawa mai sayar da atamfa da kayan yaji. Ya san ni, ya san ina jan salla a Paris. Bayan doguwar gaisuwa ya shigar da mu ƙuryar shago, ya shimfiɗa darduma, ga wasu 'yan kasuwa uku. Ya ce, "Malam Mamman, bisimilla." Na taka gaba ke nan sai na ga hancinsa ya motsa. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, kuma kanumfari da goro iyakar ƙoƙarinsu suka yi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai idonsa ya faɗa kan jakata, inda wuyan kwalba ya leƙo.

Alhaji ya yi ajiyar zuciya mai nauyi. "Malam Isa, kar a tsananta masa. Aiki ne ya sa shi. Da idonmu muka gani, har Baturiyar sai da ta yi mamaki. Allah dai ya shirye shi."

"Amin, Baba," in ji direkta.

Sannan Alhaji ya gyara riga ya wuce gaba, ya ta da kabbara. Na bi shi, warin ta huɗu na dawo mini duk lokacin da ya ce Allahu Akbar.

Za ku ce me ya hana ni magana. In na buɗe baki kwangila ta rushe, aikina ya tafi, takardar zamana a ƙasar kuma da aikin take rataye. Sannan wa zai yarda da mai kwalba a jaka, ya ƙaryata mai carbi har gwiwa? Kwalbar ma a tashar jirgi Alhaji ya karɓe ta, ya ce zai zubar mini da ita don kada ta zame mini fitina.

Labari ya riga ni isa La Courneuve. Ba wanda ya ce mini uffan, gaisuwa ma ba a rage ba. Ranar da liman bai zo ba, na miƙe kamar kullum, sai wani da ni nake gyara masa Fatiha ya riga ni gaba, dattawa kuma suka daidaita sahu a bayansa. Na ji zafin abin nan fiye da yadda zan iya faɗa muku. A satin ne Mushe Garnier ya ƙara mini albashi, ya ɗora ni kan sashen abin sha.

Abin da na koya shi ne, a cinikin nan da mutanenmu gwanaye ba su yi ƙaranci ba, wanda zai amsa sunan ne ake nema ruwa a jallo. Na yi shekaru ina zaɓen wiski, ban taɓa kuskure ba, domin duk babban baƙon da ya zo sai ya ja ni gefe ya raɗa mini ra'ayina. Saboda haka in aka ƙara wa ɗayanku girma a kan abin da bai iya ba, ya tsaya ya duba warin wa aka ɗora masa. Ni dai har na yi ritaya ban san ɗanɗanonta ba, kuma har na bar Faransa a sahu na biyu nake salla.