Na Kai Idon Mama Khartum

Gari bai gama wayewa ba muka bar Zariya, ni da Mama da ƙanena da zai sauke mu a filin jirgin Kano ya juyo da mota. Ku da kuka dame ni da tambayar ina na shige, to Sudan na je, idon Mama na kai. Na hagu ya daɗe da rufewa, na dama kuma kullum ƙara duhu yake, aka ce mana akwai likitocin ido a Khartum da ake yabo.

Tun a mota muka fara rigima. Mama ta yi mana addu'ar hanya, ta roƙi Yesu ya buɗe mata ido, sai ta rufe yadda ta saba: "Amma Uba, in ba haka ka nufa ba, naka ya fi nawa." Raina ya ɓaci. A cocin da nake zuwa an koya mana ka roƙa ka kafe a kan roƙonka, babu wani amma. Na ce, "Haba Mama! Ana roƙo kina janyewa? Don Allah ki cire amman nan." Ta ce, "Ke 'yar nan, Allah ɗan aikenki ne?" Ƙanena bai daina dariya ba har Kwanar Dangora.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Khartum, wallahi na ɗauka bakin murhu aka buɗe. Zafi! Tasi ta haye da mu gada zuwa Omdurman, gidan wata Hajiya da maƙwabcinmu ya haɗa mu da ita. Kakanninta daga Haɗeja suka taso a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a nan. Hausarta irin ta tsofaffi ce, sai dai tana tsakiyar zance za ta zame cikin Larabci ta bar ki a tsaye.

Abinci kuwa ful ne safe da yamma, wake da man riɗi da burodi. Akwai kisra, wani abu siriri mai tsami, Mama ta shafa shi ta ce tuwo ne aka yi wa guga. Kowace inuwa akwai mai shayi da 'yan kujerunta, ga randunan ruwa a bakin titi, duk mai ƙishi ya sha ya wuce. Keke napep su raksha suke ce masa. In ni na yi ciniki da guntun Larabcina kuɗin ninkawa yake, in Hajiya ta buɗe baki sai ya dawo hayyacinsa.

Ranar da ta same mu a durƙushe muna addu'a cikin sunan Yesu, tsayawa ta yi riƙe da tire. Ta ce, "Ya salam! Hausawa, kuma Kirista?" Sai ta ajiye tiren ta ce, "To ku ƙarasa, shayin zai jira." Lahadi ranar aiki ce a can, amma da yamma ita da kanta ta nemo wanda ya kai mu wani coci a Khartum. Da Larabci aka yi sujada. Amin da Haleluya kawai muka tsinta, su ma sun ishe mu.

Washegari muka ga likita, dattijo mai sanyin magana. Ya daɗe yana haska idon, sannan ya ce jijiyar ta riga ta mutu, aiki ba zai dawo da ita ba. Ɗan abin da ya rage a na dama za a lallaɓa shi da maganin ɗigawa, amma shi ma tafiya yake. Muka hau raksha muka koma gidan Hajiya. Da muka shiga ɗaki baƙin ciki ya ci ƙarfina na ce, "To ga amman naki nan, Mama." Ta lalubi gado ta zauna.

Kwana ɗaya kafin mu taso ta ce in kai ta Mugran, inda kogunan Nilu biyu suke haɗuwa. Na yi ta kwatanta mata, ga mai duhu, ga mai haske, suna tafiya gefe da gefe. Ta ce ita ƙyalli kawai take gani. Can ta kamo hannuna.

"Kina tsammani ba na son idona? Na fi ki so, ni ke tuntuɓe. Shi kansa Ubangiji Yesu, kafin a kama shi, da gumi ya roƙa a ɗauke masa wahalar, sannan ya bar wa Uba. Roƙon da gaske ya yi shi, barin ma da gaske."

A nan bakin ruwa ta sake roƙon idon, da ƙarfi, har mai shayi ta juyo. Ta kawo ammanta. Na ce Amin ina kuka kamar yarinya, na roƙi gafararta, ta ce in share fuska mutane na kallo.

Hajiya ta sallame mu da turaren wuta, ta rungume Mama ta ce ba za ta manta da ita a sallarta ba. Muka sauka Kano da la'asar, sai gida.

Ban dawo da abin da na je nema ba, kuma har yanzu abin yana min ciwo. Amma na koyi cewa mutum yana iya roƙon Allah da dukan zuciyarsa ba tare da ya ba shi umarni ba.

Washegarin dawowarmu da safe Mama ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofa, inda rana ta fi haske. Ta riƙa kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe fuskar kowa dab da idonta na dama. Ni ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana dubana, ta ce, "Ashe furfura kika yi ban sani ba." Na yunƙura zan tashi, ta riƙe ni.

"Tsaya, ban gama ba."