Masarar Isuhu da Kajin Rabi

Deule zuwa Buza

Ni da ko kasuwar Tabotaki sai an ja ni, ga ni bisa babur ƙarfe biyar na asuba, buhu biyu na masara a gabana. Ɗana Isuhu ne ya tashe ni. Yana wata jami'a a ƙasar ƙanƙara, suna gyaran irin masara mai nuna da wuri, don sanyi ke kashe tasu yadda ɗaukewar ruwa ke kashe tamu. Ya aiko iri, na shuka, na girbe. Ya ce masu ba su kuɗin aikin sun turo wata malamar gona Madawa. In ba ta ga amfanin gwajin ba, a rufe aikin, ya tattaro kayansa.

Buza zuwa Madawa

Mota ta cika ƙarfe takwas, kuɗinta jika biyu. A shinge jandarma ya taɓa buhu.

"Inna, mi ke ciki?"

"Karatun ɗana."

Ya leƙa. "To, ya ci jarrabawa. Ku wuce."

Madawa

Sha ɗaya na sauka gidan ƙanwata Rabi, na sha fura mai sanyi. Ƙaramin buhun na miƙa mata: munanan goyon masara, masu giɓi da cin tsutsa, tsarabar kajinta. Babban, zaɓaɓɓu, na kai biro, wato ofishin malamar gonar.

Malama ta juya su, ta dube ni. "Inna, duk haka gonar ta yi?"

"Haba 'yata, wa ke nuna ma baƙo mummuna?"

"Su nike so! In ban auna duka ba, cewa za a yi an yi coge, takardar gwajin ta mutu."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na iske Rabi ta kwance bakin buhu, kaji sun kewaye ta.

"Rabi, tsaya!"

"Yaya, kyauta kuma da biyo sawu?"

Goyo ɗaya kam zakara ya riga mu. Na kwashe su duka na koma biro. Malama ta auna har wadda ya tsattsaga, ta rubuta, ta ce ko da munanan abin ya yi kyau.

Gida

Washegari da la'asar na iso Deule. Bayan sati uku Isuhu ya kira: an ƙara musu shekaru. Alhamdu lillahi. Na gode wa direba, da malama, da Rabi, wadda ta aiko cewa kajinta na jiran tsarabarsu. Na aika musu gero.